Amsoshin Tambayoyinku: Filin Tseren Motoci da Filin Folo na Katsina

Tambaya: Malam, ni ɗan koyon kanikanci ne a wani gareji a cikin Katsina. Ina yawan kallon tseren motocin Amurka a waya, wanda motoci kusan arba'in ke zagaya fili guda mai kama da ƙwai. Don Allah ina son tarihin irin wannan fili. Wa ya fara shi, kuma me ya sa aka gina kwanarsa a karkace? Sannan ko an taɓa yin irinsa a nan garinmu? Daga wani mai karatu, Ƙofar Ƙaura, Katsina.

Amsa: Ƙanena, Allah ya sa wa sana'a albarka, ya ba ka haƙurin zama da maigidanka har ranar da zai yaye ka.

Bari in fara da ƙarshen tambayarka don kada in ja maka rai. Ba a taɓa gina filin tseren motoci irin wannan a Katsina ba. Sai dai filin da kake kallo a wayarka jikan filin sukuwa ne, kuma in ana maganar doki da fage, Bakatsine ɗan gida ne. Don haka zan kai ka Amurka tukuna, sannan mu dawo mu tsaya a Filin Folo.

Sunan da Amurkawa suka raɗa wa wasan yana nufin tseren motocin kasuwa, wato mota kamar yadda dila ya sayar da ita, saɓanin irin na Formula 1 da ake ƙerawa musamman don gudu. Haka abin yake da farko. Mutum zai tuƙo motarsa daga gida, ya liƙe gilashin fitila, ya rubuta lamba a ƙofa, ya shiga fage. Yau sunan ne kawai ya rage. Bodin yana kama da Toyota Camry ko Ford Mustang, amma cikinsa bututun ƙarfe ne aka yi wa walda kamar keji. Ƙofa ba ta buɗewa, ta taga direba ke shiga, fitilun ma hoto ne aka manna.

Da mota ta fito a ƙarshen ƙarni na 19, babu wanda ya tanadar mata wurin gudu. Abin da garuruwan Amurka ke da shi shi ne filin sukuwa, galibi a inda ake cin kasuwar baje kolin amfanin gona ta shekara: da'irar ƙasa mai tsawon mil ɗaya ko rabin mil, da rumfar 'yan kallo a gefe. Sai masu mota suka ari filin masu doki. A watan Satumba na 1896 aka yi tseren motoci na farko a kan irin wannan da'ira a ƙasar, a filin sukuwa na Narragansett da ke jihar Rhode Island, kuma mota mai aiki da lantarki ce ta zo ta ɗaya. Akwai wani fili da ake kira Milwaukee Mile. Dawaki sun riƙa sukuwa a kansa tun 1876, motoci suka shigo a 1903, ba a zuba masa kwalta ba sai 1954. Ka lura motocin nan kullum hagu suke karyawa? Haka dawakin Amurka ke zagayawa.

Fili ya samu ke nan. Direbobi kuma, wasunsu ta wata hanya mara kyau suka ɓullo. Daga 1920 zuwa 1933 gwamnatin Amurka ta haramta sayar da barasa, sai mutanen duwatsun kudancin ƙasar suka koma dafa ta cikin daji da dare. Ko bayan an ɗage dokar ba su daina ba, don gudun haraji. Mu da ke bakin iyaka ba sai an yi mana dogon bayani kan direban fasa ƙwauri ba. Waɗannan mutane su suka koyi ƙara wa inji ƙarfi, su cire kujerar baya, su sa sifirin mai tauri don kada mota ta zauna idan an yi mata lodi, a waje kuwa ka gan ta kamar motar kowa. Ranar hutu sai gardama ta tashi kan motar wa ta fi gudu, a nemi fegi a gwada. Ɗaya daga cikinsu, Junior Johnson, har kurkuku ya shiga saboda wannan harka, kuma ya ci tsere 50 a babbar gasa.

Wanda ya mai da wannan hayaniya ta zama wasa mai tsari ɗan sana'arka ne. Sunansa Bill France, bakanike ne mai gidan mai a garin Daytona Beach na jihar Florida. Garin yana da rairayin bakin teku mai tauri da aka daɗe ana gwada gudu a kansa, kuma daga 1936 aka riƙa tseren motocin kasuwa a wurin, rabi a kan yashi, rabi a kan titin da ke gefensa. France ya yi tseren da kansa, ya ga yadda ake cutar direbobi: kowane fili da dokarsa, wani lokaci ma mai shirya wasa ya tattara kuɗin ƙofa ya gudu kafin a gama. A watan Disamba na 1947 ya tara direbobi da kanikawa da masu filaye a otal ɗin Streamline, suka zauna suka rubuta doka. A ranar 21 ga Fabrairu 1948 aka yi wa ƙungiyar NASCAR rajista.

Dubi yadda dokar ta fara cizo. A ranar 19 ga Yuni 1949 aka yi tseren farko na motocin da ba a taɓa ba, a filin ƙasa na Charlotte. Glenn Dunaway ya riga kowa isa. Da alƙalai suka leƙa ƙarƙashin motarsa, suka tarar an yi wa sifirin na baya gyara irin na masu fasa ƙwauri, sai aka soke nasarar aka ba Jim Roper da ya zo na biyu. Tun ranar farko aka nuna cewa takarda ta fi ƙarfin totur.

Yanzu ga batun karkata. Gine-gine suka fara cinye bakin tekun Daytona, 'yan kallo suka yi yawa, sai France ya gina fili na dindindin, Daytona International Speedway, aka buɗe shi a 1959. Zagaye ɗaya kilomita 4 ne. Babban tserensa, Daytona 500, zagaye 200 ne, mil 500, wato wajen kilomita 800, ya zarce nisan Katsina zuwa Abuja. Duk wanda ya taɓa shan kwana da gudu ya san yadda mota ke neman ficewa waje. A kan shimfiɗaɗɗiyar hanya, kamun taya ne kaɗai ke riƙe ta, in gudun ya fi ƙarfin kamun sai ta zame. In aka ɗaga gefen waje na kwanar, ƙarfin da ke tura mota waje sai ya koma danna ta a jikin kwalta, taya ta ƙara kamu. Abin da mahayi ke yi ke nan idan ya kwanta da dokinsa cikin kwana, sai dai a nan ƙasar ce aka kwantar. Kwanonin Daytona digiri 31 suke a karkace, mutum da ƙafa ma da ƙyar yake hawa, shi ya sa motocin ke shan su da gudun kusan kilomita 300 a awa. Ƙasar da aka haƙa aka yi wannan tudu ta bar rami a tsakiyar filin, ruwa ya cika shi, ya zama tafki har yau. A tseren farko, ranar 22 ga Fabrairu 1959, Lee Petty da Johnny Beauchamp sun iso layi kusan tare, sai da aka kwana uku ana duba hotuna kafin a tabbatar wa Petty.

Tun da ka ambaci ƙwai, filin Darlington na 1950 shi ne ainihin mai wannan siffa, kai ɗaya faffaɗa, ɗaya matsattse. Dalili kuwa mai gonar da aka karɓi filin a hannunsa ya ce kada a taɓa masa kududdufin kifinsa, maginin ya cika alkawari ya matse kwanar.

Ba a kai inda ake yau ba sai da aka binne mutane. Ranar 18 ga Fabrairu 2001, Dale Earnhardt, wanda ya lashe gasar shekara sau bakwai, ya daki bango a zagayen ƙarshe na Daytona 500, ya mutu. Bayan nan aka tilasta wa direbobi sa wata na'ura mai riƙe kai da wuya, aka lulluɓe bangon kankare da wani shinge mai shanye duka. Tun daga lokacin ba a sake rasa direba a babban rukunin gasar ba. Ka riƙe wannan, zan dawo kansa.

Mu dawo gida.

Gudu a Katsina na doki ne tun kafin a san taya. Duk wanda ya tsaya a Ƙofar Soro ranar hawan salla ya ga jahi: mahaya su taso a sukwane kamar za su bi ta kan jama'a, sai a gaban sarki su ja linzami, doki ya yi zamiya da ƙafafun baya, ƙura ta tashi, su ɗaga hannu su yi jinjina. Wannan atisayen yaƙi ne ya zama gaisuwa. Sirdi da likkafa da kaimi, zagage da Shamaki mai kula da barga, duk tsohon tsari ne. Abin da ya zo sabo a ƙarni na 20 shi ne fili mai awo, mai alƙali, mai agogo.

Turawa sun shigo Katsina a 1903, kuma a 1906 aka naɗa Durɓi Muhammadu Dikko sarki, daga nan sarauta ta koma gidan Sulluɓawa. Ya yi mulki har 1944. A 1921 ya yi tafiyar da ta kai shi aikin hajji ta kuma kai shi Ingila, kuma bayan dawowarsa ne ya kafa wasan ƙwallon dawaki, wato folo, a Katsina. Wasan ba baƙo ba ne a Nijeriya a lokacin, don hafsoshin Ingila sun kafa kulob a Legas tun 1904. Su ma aro suka yi, asalinsa daga ƙasar Farisa da tsakiyar Asiya ne, a Indiya suka tsince shi. Amma a wurinsu wasan bariki ne, na tsakaninsu. Dikko ya duba ya ga yana da dawaki, yana da 'ya'ya da bayin sarki da aka haifa a kan sirdi, sai ya ba da fili ya ce a koya. Ni a ganina wannan yana cikin manyan dabarunsa, domin ya samar wa samarin da yaƙi ya ƙare kafin su girma wani fage da za su zuba ƙarfinsu, kuma fagen da za su kara da mai mulkinsu ƙarƙashin doka ɗaya, su ci shi.

Sun kuwa ci. Ɗansa Usman Nagogo, wanda ya riƙe Wakilin Doka sannan Magajin Gari kafin ya gaji mahaifinsa a 1944, shi ne gwanin da har yau ake misali da shi. A wannan wasa ana auna gwanintar kowane ɗan wasa da lamba, daga ƙasa da sifili da biyu zuwa goma. Nagogo ya kai bakwai, matakin da masu tarihin wasan ke cewa babu wani ɗan Nijeriyar da ya taka in ba shi ba. Kofin Georgian na Kaduna, wanda shi ne mafi daraja a ƙasar nan, 'yan wasan Katsina sun sha ɗauko shi. Ya rasu a 1981, kuma sunansa Filin Folo na Katsina ke ɗauke da shi. 'Ya'yansa suka ci gaba: Sarki Muhammadu Kabir Usman, wanda ya yi mulki daga 1981 zuwa 2008, da Janar Hassan Usman Katsina, gwamnan soja na Jihar Arewa daga 1966 zuwa 1967, wanda bai rabu da sandar folo ba har bayan ya tuɓe kaki.

Ina son ka ga yadda filin yake aiki, don nan ne amsarka take. Cikakken filin folo tsawonsa yadi 300 ne, faɗinsa 160, ya haɗiye filayen ƙwallon ƙafa da yawa. Mutum huɗu ne a kowane ɓangare. Ana buga minti bakwai a tsaya, kuma a wannan tsayawar ake canja doki, domin babu ingarman da zai jure sukuwa da birki da juyi fiye da haka ba tare da an zalunce shi ba. Kowa da hannun dama yake riƙe sanda, ko da bahago ne, saboda kada mahaya biyu su yi gaba da gaba. Babbar dokar kuwa ita ce ta layin ƙwallo: in an buga ƙwallo, hanyar da ta bi ta zama kamar titi, wanda ke kanta shi ke da hanya, kuma laifi ne wani ya gitta masa. Alƙalai biyu na kan dawaki suna bin wasa, na uku na zaune a gefe don raba gardama. Ka auna waɗannan dokoki ɗaya bayan ɗaya, za ka ga kusan dukansu don kare rai aka yi su, na mutum da na dabba.

Ina yaro, ba rumfar manya nake zuwa ba, bayan fili nake zagayawa inda ake ɗaure dawaki. A nan za ka ga wani dattijo durƙushe yana naɗa wa doki ƙyalle a ƙwauri, a hankali, yana sa yatsa yana jin ko ya matse. Wani ya kitse wutsiya ya ɗaure ta don kada ta sarƙe sanda. Wani ya ja majayi ya sake dubawa. Doki ya fito daga wasa jiƙe sharkaf, kumfa a bakin linzami, cikinsa na bugawa, yaro ya karɓe shi ya yi ta zagayawa da shi har numfashinsa ya dawo kafin a ba shi ruwa. Ga warin gumi da harawa. Da na fara ganin yadda kanikawan NASCAR ke tsallako katanga su canja taya huɗu su zuba mai cikin 'yan daƙiƙoƙi, waɗannan mutane na tuna. Aikinsu ɗaya ne, kuma shi ne aikinka.

Sauran filayen sukuwar ƙasar nan kowanne da inda ya ƙare. Na Legas, inda aka sauke tutar Ingila a 1960, ya zama Dandalin Tafawa Ɓalewa. Na Kaduna ya zama Dandalin Murtala. Na Kano yana nan da sunansa. Babu wanda ya rikiɗa ya zama filin motoci yadda aka yi a Amurka, kuma dalilin a fili yake: can talakan ƙauye ya mallaki mota tun shekarun 1920, nan kuwa a lokacin mota ta sarki ce da Razdan da 'yan kasuwa ƙalilan. Tseren mota da ya taɓa yankinmu na dogon zango ne, irin wanda ake haɗawa da bikin kamun kifi na Argungu, da na Faris zuwa Dakar da ya riƙa ratsa Agadas da hamadar Tenere. Filin motoci na musamman sai can Evbuobanosa a jihar Edo.

Amma sha'awar tana nan, kuma kai ma ka san inda take fita. Ranar ɗaurin aure ko kai amarya, samari su tare titi, a ja birkin hannu, mota ta yi ta juyawa, hayaƙin taya ya turnuƙe, yara sun yi da'ira suna ihu taku biyar daga bamba. Na taɓa tsayawa a irin wannan wuri, na ga wata mota ta ƙwace ta yi kan wata rumfa. Allah ya tsare rai a ranar, amma na ga takalmin wani yaro guda ɗaya a tsakiyar titi, shi yana can gefe yana rawar jiki, ya kasa ko kuka. Ban ƙara iya kallon abin a matsayin wasa ba. Ba na zargin matashi don yana son gudu, kakanninsa ma sun so. Abin da ke ci mini rai shi ne babu shinge, babu hular kwano, babu wanda ya duba birki, babu motar asibiti, kuma waɗanda ke cikin haɗarin ba su ne suka zaɓi shiga ba. Amurkawa da duk shingensu sai da suka rasa Earnhardt. Hausawa sun ce doki ɗaya a fage gudu gare shi, kuma mai juya mota a titin unguwa bai ma san ko ya iya ba, tun da babu agogo babu abokin karawa.

Kamawa da cin tara suna da amfani, amma ban ga sun kashe abin ba. Abin da Dikko ya yi wa masu doki, wanda France ya yi wa masu mota, bai fi ƙarfinmu ba, kuma ba sai an fara da kwana mai digiri 31 ba. Fegin ƙasa a bayan gari, a daddale shi, a jera tsofaffin tayoyi, a ja 'yan kallo baya sosai a bayan tudun ƙasa, a rubuta doka, a naɗa masu duba mota kafin ta shiga, a nemi izinin hukuma da haɗin kan jami'an kiyaye haɗurra. Da irin wannan Charlotte ta fara. Masu duba motar nan kuwa daga gareji za su fito.

Idan lokacin gasar folo ta Katsina ya zagayo, ka nemi izinin maigidanka, ka ɗauki yaran garejinku ku je. Ka dubi tazarar da ke tsakanin layin fili da inda aka yarda mutane su tsaya. Ka ƙirga sau nawa alƙali ya busa usur, ka tambayi na kusa da kai dalilin kowace busa. Sannan ka zagaya baya wurin turaku, ka gai da dattijon da ke naɗa ƙafar doki, ka roƙe shi ya nuna maka abin da yake dubawa kafin ya miƙa wa mahayi linzami.